Wuƙar Aljihu: Mai Baki Sumul ko Mai Haƙora?

Wuƙar aljihu ita ce 'yar wuƙar da ake naɗe bakinta ya kwanta cikin ƙota, a jefa ta aljihu ko jaka ba tare da kube ba. Bakinta gajere ne, galibi tsakanin santimita 6 zuwa 10. Waɗanda ake gani a teburan 'yan koli a Jos, daga kasuwar Kabong zuwa Gada Biyu har Taminus, ba sa wuce iri uku idan maganar kaifi ake yi. Akwai mai baki sumul, wadda kaifinta ya tafi a miƙe daga gindi har tsini. Akwai mai haƙora, wadda wasu ke kira mai bakin zarto. Sai kuma 'yar raba-daidai, rabi sumul rabi haƙora. Mai saye yakan ɓata lokacinsa wajen duba launin ƙota da sauraren ƙarar da wuƙar ke yi idan an buɗe ta, alhali bakin ne zai yi aikin, kuma shi ne zai nuna ko za a mori kuɗin da aka biya ko wuƙar za ta ƙare a ƙasan akwati bayan wata biyu.

Yanka kansa iri biyu ne, ko da yake hannu ya saba da su har ba ya tsayawa bambancewa. Na farko shi ne na turawa, wato a ɗora kaifi a kan abu, a tura shi gaba ya ratsa. Haka ake fere doya da dankali, haka ake fiƙe fensir, haka ake gyara bakin asuwaki da sassaƙe gaɓar rake. Na biyu shi ne na ja, inda ake ɗora wuƙar a ja ta baya, ko a kai a komo, tana cin abin sannu a hankali. Haka ake yanka igiya da burodi da tiyo. Baki sumul yana iya duka biyun muddin yana da kaifi. Mai haƙora kuwa na biyun kaɗai ta iya, amma ta iya shi ƙwarai da gaske.

Sirrin baki sumul ba wani mai nisa ba ne. Gefe biyu na ƙarfe ne suka haɗu a kan siririn layi guda, duk ƙarfin hannu kuma ya taru a kan wannan layin, sai abin da ake yankawa ya rabu biyu ba tare da yagewa ba. Mai sayar da lemo a bakin titi shi ne ya fi kowa nuna wannan. Yana riƙe da lemon a hagu, yana juya shi da yatsu, wuƙar na tsaye wuri ɗaya a dama, babban yatsa na gadin zurfin yankan. Ɓawon ya riƙa saukowa siriri a murɗe, bai tsinke ba har ƙarshe, farar fatar ciki kuma ba ta huje ba balle ruwan ya zube. Haka gardi ke yi wa alƙalaminsa na kara a makarantar allo: ya feƙe bakin, ya tsaga shi daidai tsakiya don tawada ta bi, ya datse tsinin a karkace gwargwadon kaurin rubutun da yake so. Haƙori ɗaya tak a bakin wuƙar ya isa ya lalata waɗannan ayyuka biyu.

Haƙora suna aiki ne ta wata hanya dabam. Idan an ɗora wuƙar, tsinin haƙoran ne kawai ke taɓa abin, don haka nauyin hannu yana sauka a kan 'yan wurare kaɗan, su huda fatar abin nan take. Da an ja, kwarmin da ke tsakanin haƙoran, wanda shi ma wasasshe ne, sai ya kama zaren da ke ciki ya datse shi, na gaba ya kama na gaba. Shi ya sa ba ta zamewa a kan abu mai santsi da tauri, irin igiyar leda, da robar taya da ake ɗaure kaya da ita, da ɗamarar kwali. Tana da wata fa'ida ta biyu da ba kowa ke lura da ita ba. Idan wuƙar ta daki faranti ko waya ko dutse, tsinin haƙoran ne ke shan bugun, kwarmin yana can ciki a kare. Saboda haka takan daɗe tana yanka, ko da mai ita bai taɓa wasa ta ba.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Sukan ce mai haƙora ta fi kaifi, domin ta ratsa tumatir a ja ɗaya, ta gida kuwa tana ta murza shi har ya fashe. Gaskiyar maganar ita ce ana gwada ta ne da wuƙa sumul da ta dakushe tun bara. Wuƙa sumul da ta sha washi tana yanka tumatir da albasa fiye da kowace mai haƙora, kuma yankan ya fita fes. Mai tsire, wanda ke shimfiɗa nama fale-fale kullum rana, ba ya neman haƙora. Mahauci ma haka.

Inda mai haƙora ke gazawa a fili yake. Ba ta fere, domin tana tafiya da tsoka tare da ɓawo. Ba ta sassaƙa itace, sai dai ta bar layuka a jikinsa. Tana yagalgala takarda da yadi da leda maimakon ta raba su. Yawancin haƙoran ma ta gefe ɗaya ake fitar da su, ɗaya gefen a bar shi a shafe, wannan kuwa yana sa wuƙar ta riƙa karkata tana barin layin da aka nufa. Idan kuma tsautsayi ya gifta ta kama yatsa, raunin da take bari a tsattsage yake, ya fi na baki sumul wuyar haɗewa da wuyar ɗinki.

Ba banza ba maƙeran wannan yanki suka tsaya a kan baki sumul. Aikin ƙarfe a tsakiyar Najeriya ya girmi duk wata wuƙar kanti: a Taruga an tono matoyar tama ta mutanen Nok da ta haura shekara 2,000, kayan tarihin waɗannan mutane kuma suna nan a gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. Tun daga wancan zamani har zuwa maƙerin yau da ke ƙera wuƙa daga tsohon sifirin mota, abin da guduma da uwar maƙera da dutsen washi ke iya fitarwa shi ne baki miƙaƙƙe, kuma shi ne wanda manomi zai iya gyarawa da kansa a bakin gona. Turawan da suka ƙera wuƙaƙen aljihu don kasuwannin Afirka ma wannan hanyar suka bi. An fara yin Okapi a 1902 a garin Solingen na Jamus don a sayar a ƙasashen da Jamus ke mulka a Afirka, kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Douk-Douk ta fito daga garin Thiers na Faransa a 1929, ta kuma sami kasuwa a arewacin Afirka da sauran ƙasashen renon Faransa. Opinel, wadda manoman Faransa ke riƙewa tun 1890, ita ma haka take. Dukkansu sumul ne, da baƙin ƙarfe mai saurin karɓar washi aka san su.

Haƙora a jikin wuƙar aljihu baƙin jiya ne. An daɗe da sanin su a wuƙar burodi da wasu laujunan girbin shinkafa, amma sai a farkon shekarun 1980 kamfanin Spyderco na jihar Kolorado a Amurka ya yayata su a wuƙa mai naɗewa, yana nufin ma'aikatan jirgin ruwa da masu aikin ceto, mutanen da kan so igiya ta rabu cikin daƙiƙa ɗaya. Akwai abin lura a tarihin wannan kamfani: kafin ya fara ƙera wuƙa, mawashi yake sayarwa, wasu sanduna masu kusurwa uku waɗanda gefensu ke iya shiga kwarmin haƙori. Wato wanda ya kawo haƙoran ya riga ya tanadi abin wasa su. Haƙoran sun iso kasuwannin Jos cikin kwalaye, amma mawashin bai biyo su ba.

Washi kuwa shi ne zuciyar maganar, domin babu wuƙar da ba ta dakushewa. Wasa baki sumul aiki ne na minti biyar. A jiƙa dutse da ruwa, a kwantar da wuƙar yadda kaifin zai yi kusurwar digiri 15 zuwa 20 da dutsen. Ga wuƙar da faɗin bakinta ya kai santimita 2, wannan na nufin doronta ya ɗaga sama kimanin kaurin fensir. A riƙa gogawa daga gindi zuwa tsini ba tare da canza wannan karkata ba, har ɗan yatsa ya ji wani siririn leɓe na ƙarfe ya lanƙwaso ta ɗaya gefen. Wannan leɓen shi ne shaidar cewa washin ya kai ga kaifi. Sai a juya a yi wa ɗaya gefen haka, a ƙarasa da gogawa mara nauyi, sannan a ja ta baya-baya a jikin tsohon bel na fata don leɓen ya fita, yadda wanzami ke yi wa askarsa. Wanda ba shi da dutsen kanti ba zai rasa madadi ba. A kifa kofin tangaran, zoben gindinsa da ba a shafa wa ƙyalli ba yana wasa ƙaramar wuƙa sosai. Dakalin siminti da duwatsun da suka cika Kabong da Tudun Wada ma suna ci, sai dai suna da kaushi, suna cinye ƙarfe da yawa, don haka sun fi dacewa da adda da fartanya.

Wasa mai haƙora wani aiki ne dabam. Ba a kwantar da ita a kan dutse, domin dutsen tsinin haƙoran kawai zai taɓa, ya cinye su, ya bar kwarmin a dakushe. Ana bukatar siririn sanda mai zagaye, na tangaran ko mai garin lu'ulu'u a jiki, wanda ya tafi yana sirancewa zuwa tsini don ya dace da manya da ƙananan kwarmi. A bi su ɗaya bayan ɗaya, ta gefen da aka fitar da haƙoran kaɗai, sannan a shafi ɗaya gefen sau ɗaya ko biyu a cire leɓen. Mai dabara yakan naɗe samfefa mai laushi a jikin ƙusa ko tsinke ya yi da ita, kuma tana yi, amma ana bukatar haƙuri da ido. Abin da ya fi faruwa shi ne a miƙa ta ga mai injin washi. Shi kuwa dutsensa faffaɗa ne, zai kwashe haƙoran ya bar baki mai tudu da kwari, wanda bai zama sumul ba bai kuma zauna mai haƙora ba. In ya danna ta da ƙarfi har bakin ya yi shuɗi saboda zafi, taurin ƙarfen ya tafi ke nan, ba zai ƙara riƙe kaifi ba. Don haka daɗewar da mai haƙora ke yi tana yanka bashi ne, kuma ranar biya tana zuwa.

Akwai wani dalili da ke sa a yi hattara da haƙora a wuƙaƙe masu araha. Ƙarfe mara kyau, wanda ba a ƙona shi aka daidaita taurinsa yadda ya kamata ba, ba ya riƙe kaifi sumul ko na mako guda. Amma idan aka fitar masa da haƙora zai ci gaba da yagar abu na tsawon lokaci, mai shi yana ganin yanka take yi. Haƙora sukan rufa wa mugun ƙarfe asiri. Baki sumul ba ya iya wannan rufin, ana wasa shi sau biyu za a san ko ƙarfen na kirki ne.

Duk da haka akwai waɗanda mai haƙora ce daidai da su, kuma bai kamata a hana su ba. Ɗan dako da mai lodi a kasuwar Farin Gada, inda ake sauke kwandunan tumatir da buhunan kabeji da karas da dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu, yana wuni ne cikin kwance ɗauri da datse igiyar leda mai ƙasa da yashi a jiki. Yashi kuwa maƙiyin kaifi sumul ne, kafin azahar ya gama da shi. Mai aikin famfo da ke yanka tiyo, da mai kiwo da ke fama da igiya jiƙaƙƙiya, su ma haka. Direban doguwar tafiya da ke bin Hawan Kibo yana da dalilin ajiye ɗaya kusa da hannu, domin bel ɗin kujera da ya maƙale bayan haɗari zare ne mai tauri da santsi, kuma wuƙaƙen da ake ƙerawa musamman don ceto haƙora gare su, da tsini mai dakushi don kada a soki wanda ake son fitarwa. Waɗannan duk ayyuka ne na ja, ba a neman kyan yanka a cikinsu, sauri ake nema.

'Yar raba-daidai ita ce ta fi jan ido a tebur, domin tana alkawarin biyan bukata biyu da kuɗi ɗaya. A baki mai santimita 8, haƙoran kan ci wajen 3, su bar 5. Ukun nan sun yi kaɗan ga igiya mai kauri, domin ja ɗaya ya ƙare su. Matsalar da ta fi wannan ita ce wurin da ake sa su. Kusan kullum a gindin baki suke, dab da ƙota, nan ne kuwa hannu ya fi ƙarfi da iko, nan ne ake fere da fiƙe. An ƙwace wa mai wuƙa wuri mafi amfani an ba haƙora. Kamfanin Victorinox, mai ƙera wuƙar sojojin Suwizalan tun 1891, ya juya tsarin a samfurin da ya fitar wa sojojin a 2008: haƙoran suna wajen tsini, gindin kuma sumul. Wannan ya fi hankali nesa ba kusa ba. Wanda ke son duka biyun da gaske, gara ya nemi wuƙa mai baki biyu, kowane da aikinsa.

Akwai aiki ɗaya da haƙora ba su da wuri a cikinsa sam, shi ne yankan dabba. Wuƙar aljihu takan tsinci kanta a wuyan kaza ko zabo, ranar suna ko Sallah ko Kirsimeti, idan ta gida ta ɓace. Hadisin da Shaddad ɗan Aus ya ruwaito, wanda ke cikin Sahihu Muslim, ya umarci mai yanka da ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Yahudawa ma a tasu shari'ar ba sa yarda da wuƙar da ke da ko ɗan gibi, har farce suke bin bakin da shi kafin a yanka. Ko ba a zo ga addini ba, haƙori yana jan fata da gashi, yana tsawaita wahalar dabba. Fiɗa ma haka, mai haƙora tana huda fatar da dukawa za su saya.

Yanayin Jos yana da tasa maganar. Damina a nan doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, kuma baƙin ƙarfe yana tsatsa cikin kwana ɗaya idan aka naɗe shi da danshi. Ruwan lemo da na tumatir suna sa shi ya yi duhu, wannan duhun ba illa ba ne, jan tsatsa ne abin gudu. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ake zuba wa sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100, ya fi sauƙin riƙo, ko da yake mai araharsa bai cika ɗaukar kaifi irin na baƙin ƙarfe ba. Kowanne aka zaɓa, baki sumul shafa ɗaya da tsumma ta ishe shi. Haƙora kuwa suna riƙe zare da maiƙo da ɓurɓushin abinci a kwarminsu, sai an bi su da tsohon buroshi. Wuƙar da ta kwance buhun taki da safe ta fere mangwaro da yamma, wannan bambanci ba ƙarami ba ne gare ta. Ɗigon man gyaɗa a bakin da kuma mahaɗar naɗewa yana hana tsatsa, kuma ba ya cutarwa idan ya taɓa abinci, saɓanin baƙin mai.

Sai batun yadda wuƙar ke bayyana a idon jama'a, wanda mutumin Jos ba zai yi wasa da shi ba. Garin ya ga tashin hankali tun daga rikicin Satumbar 2001, ya kuma saba da shingen bincike a kan tituna. Doguwar wuƙa baƙa mai haƙora, mai buɗewa da ƙara, kamar makami take a idon jami'in tsaro da na fasinjan da ke gefe a cikin keke, ko da mai ita igiya kawai yake yankawa da ita. Ƙarama mai baki sumul da ƙotar katako kayan aiki ce, kowa ya gan ta ya san haka. Wasu ƙasashe ma sun sa wa abin ma'auni. A Ingila, dokar 1988 ta yarda mutum ya riƙe wuƙar aljihu mai naɗewa wadda bakinta bai wuce inci 3 ba, wato kimanin santimita 7.6, muddin ba mai kullewa ba ce, abin da ya wuce haka sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Mai hawa jirgi daga filin Yakubu Gowon da ke Heipang kuma ya sa ta cikin jakar da za a auna, ba aljihu ba.

Idan aka jera abin da mutumin Kabong ke yi da wuƙa daga safe zuwa dare, fere ne da fiƙe, da buɗe kwali, da tsinke zare, da yanka 'ya'yan itace, da kankare bakin waya, sai igiya jefi-jefi. Mafi yawan wannan yankan turawa ne, ragowar kuma baki sumul mai kaifi yana yin sa ba gardama. Saboda haka wuƙar yau da kullum ita ce mai baki sumul, a haɗa ta da ɗan dutsen washi tun ranar saye. Mai haƙora ta zama ta biyu, a akwatin kayan aiki ko aljihun mota, ga wanda sana'arsa ta igiya ce.

Wajen saye, gwaji uku sun wadatar, kuma ana yin su a gaban mai tebur. A buɗe wuƙar a girgiza bakin hagu da dama, in yana rawa a mahaɗa a ajiye ta, domin rawar ƙaruwa take yi. A danna doron bakin da tafin hannu a hankali, yatsu na nesa da hanyar kaifin, a ga ko sifirin ko makullin yana riƙewa, don wuƙar da ke rufewa da kanta a kan yatsu take rufewa. Sannan a ɗaga kaifin sama a fuskanci haske da shi. Kaifi mai kyau ba ya ƙyalli, saboda ya yi sirantar da haske ba ya samun wurin sauka. Duk inda aka ga ɗigon haske a kan layin, nan ne ya dakushe ko ya lanƙwashe. A baki sumul wannan gyaran minti biyar ne a gida. A mai haƙora kuwa, in kwarmin ya riga ya nuna wannan ƙyallin tun tana sabuwa, a nemi wata.